Lamba 5 ba rabi ba ce: yadda za ka karanci maɓallan amfilifayar jita ka saita amon da kake so

Duk wanda ya taɓa jona jita da amfilifaya ya san wannan abin haushi. Ka sa maɓallin murya a kan 1, da ƙyar kake jin kanka. Ka ɗan taɓa shi zuwa 2, sai ƙara ta cika ɗaki har maƙwabta su leƙo. Daga nan ka murɗa har 10, abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Wani akwatin kuma kana ta murɗawa kamar mai buɗe famfon da ba ruwa, sai ka wuce 6 sannan ya farka. Nan take mutane suke yanke hukunci: na farkon jarumi, na biyun rago. Alhali sau da yawa ƙarfinsu ɗaya, abin da ya bambanta su shi ne yadda aka tsara hawan maɓallin.

Lambobin da ke kewaye da maɓalli ba ma'auni ba ne, alama ce kawai ta inda hannunka ya tsaya. A jikin akwatin za ka ga an rubuta Gain, Volume, Master, Bass, Middle, Treble da Presence. A nan zan kira su yadda bakinmu ke faɗa: geyin, bolum, masta, bes, midil, tirebul da firezans.

Abin da ke bayan maɓallin

Idan ka zare hular robar, ƙarfen da ke juyawa yana shiga cikin wani ɗan gwangwani mai ƙafa uku. Masu gyaran rediyo bolum suke ce masa ko da ba na murya ba ne. A littafi fotenshiyomita, mu taƙaita mu ce fot. A cikinsa akwai zoben gawayi wanda bai gama zagayowa ba, da ɗan harshen ƙarfe da ke gogar zoben. Harshen nan shi ne ƙafar tsakiya. Duk juyin bai wuce digiri 300 ba, kuma inda harshen ya tsaya shi ke yanke yawan siginar da za ta wuce gaba da wadda za a zubar.

Zoben iri-iri ne. Akwai mai hawa bai-ɗaya, wanda ake wa alamar B: ka murɗa rabi, ya ba ka rabin sigina. Akwai mai alamar A, wanda ke farawa a hankali ya yi sauri a ƙarshe. A tsakiyar juyi yawanci kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai yake saki, ko da yake akwai masu sakin kashi 30. Sai mai C, wanda shi ne A a juye. Hattara da tsofaffin kayan Turai, domin wasunsu sun juya haruffan, A ɗinsu shi ne mai hawa bai-ɗaya. Shi ya sa mitar awon lantarki ta fi rubutu gaskiya.

Me ya sa aka ƙirƙiro mai A? Saboda kunne ba ya lissafi irin na ɗan kasuwa. Makaɗa goma suna kiɗa tare ba sa ninka ƙarar makaɗi ɗaya sau goma. A kunne kusan ninki biyu ne kacal, wato ƙarin desibel 10 a ma'aunin ƙarfin sauti. Haka amfilifaya mai wat 100 take a gaban mai wat 10. To lissafa da fot mai B: daga 1 zuwa 2 sigina ta ninka, desibel 6 ke nan. Daga 5 zuwa 10 ma ninki ɗaya ne, desibel 6. Abin da rabin zagaye guda ya ba ka a sama, taki ɗaya ya ba ka a ƙasa. Fot mai A na kashi 10 kuwa, yana kan 5 ne yake sakin abin da mai B ke saki a kan 1. Babur biyu ne masu inji ɗaya, ɗaya da ka taɓa totur ya zabura, ɗaya sai ka murɗa sosai.

Kamfanoni sun san da wannan. Fender Hot Rod Deluxe mai wat 40, wanda ya fito a 1996, ya yi suna wajen zabura tun yana ƙasa, kuma cikin gyare-gyaren da aka yi wa samfuri na uku a 2010 har da sauya hawan bolum da tirebul.

Mataki na 1: gyara zama kafin ka taɓa komai

Cire duk wani feda (ɗan akwatin sauya amo da ake takawa da ƙafa) da ke tsakani, waya ɗaya daga jita zuwa akwati. Buɗe bolum da maɓallin amo na jikin jitar har ƙarshe. Kashe amsa-kuwwar ribab da duk wani ado. Sannan ɗaga akwatin a kan kujera ko ka jingina shi ya kalli fuskarka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: kaifin sauti yana fita daga tsakiyar lasifika ne a miƙe kamar hasken tocila. Wanda ya ajiye akwati a ƙasa yana tsaye a kansa, gwiwoyinsa ne ke jin kaifin, shi kuma yana ta ƙara tirebul har mutanen sahun gaba su toshe kunne.

Kuma ka yi saitin da irin ƙarar da za ka yi wasa da ita. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya kama kauri sosai. Bes ɗin da ya yi maka daɗi da daddare a ɗaki, idan ka kai shi filin biki ka buɗe murya, laka zai zama.

Mataki na 2: gano inda kowane maɓalli yake da rai

Liƙa farar salatif a saman layin maɓallan, ka riƙe biro. Kaɗa tsirkiya ɗaya ka bar ta tana amo, ko ka sa aboki ya riƙa maimaita kiɗa ɗaya. Rufe ido ka murɗa bolum a hankali daga ƙasa. Wuri uku kake nema: inda sauti ya fara fitowa, inda ya daina ƙara ƙarfi ya koma ƙara kauri da kaushi (gurnanin da sauti ke yi idan sigina ta yi wa amfilifaya yawa), da inda murɗawa ta daina canza komai. Yi wa ukun alama.

Wuri na biyun shi ne mai daraja. A amfilifaya mai bawul ('yan kwalaben gilashin da ke ƙara wa sigina ƙarfi) wadda ba ta da masta, daga nan zuwa sama bolum ya tashi daga aikin ƙara murya ya koma mai ƙara kaushi da tsawon amo, domin sashen ƙarfi, wanda ke tura lasifika, ya kai iyakarsa. Dab da wannan gaɓa ne idan ka taɓa tsirkiya a hankali sauti ya fito garau, idan ka daka ya yi gurnani. Galibin makaɗa abin da suke nema ke nan ba tare da sun san sunansa ba. A mai taransista kuwa, wato marar bawul, idan ka ƙetare gaɓar, tsagewa za ka ji mai cizon kunne, gara ka tsaya a ƙasanta.

Maimaita wannan ga sauran maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar kusan kowanne yana da ɗan yanki, taki biyu ko uku, inda duk aikinsa ya taru.

Mataki na 3: raba aiki tsakanin geyin da masta

Geyin yana gaba, shi ke yanke yawan siginar da za a ɗura wa bawul na gaba, don haka shi ne mai kaushi. Masta yana baya, shi ne mai yawan ƙarar da za ta fita. Kamfanin Marshall ya fara sa masta a samfurinsa na 2203 a tsakiyar shekarun 1970, tsarin da ya zama JCM800 a 1981. Ka fara saita geyin, sannan masta, sannan ka dawo ka rage geyin kaɗan. A ganina kusan kowa yana zuba geyin fiye da kima. Da zarar ganga da jitar bes sun shigo, kaushin da ya yi yawa sai ya narke, ba a jin bugun yatsa.

Akwai wani ɓoyayyen abu a nan da ke rikita mutane. A amfilifaya da yawa an ɗaura ƙaramar kafasita (ɗan kayan lantarki mai riƙe caji) a kan fot ɗin bolum ko geyin, wadda ke ba kaifin sauti hanyar ratse, ya wuce ba tare da an rage shi ba. A Twin Reverb na Fender tana da fikofarad 120 (ma'aunin girman kafasita ke nan) kuma makunnin da aka rubuta wa Bright ne ke jona ta. A tasha ta biyu (layin sauti na biyu) ta Fender Deluxe Reverb na shekarun 1960 fikofarad 47 ce, a ɗaure dindindin. A JCM800 kuwa har 1000 ce. Tasirinta ya fi yawa idan maɓallin yana ƙasa, yana raguwa kana hawa, a kan 10 babu shi sam. Ma'ana bolum ɗin kansa maɓallin amo ne. JCM800 da geyin a kan 2 siriri ne kamar kukan sauro, a kan 7 ya cika ya yi jiki, ba tare da an taɓa bes ba. Saboda haka duk lokacin da ka motsa geyin ko bolum sosai, sai ka sake duba tirebul. Makunnin kaifin nan kuma, kunna shi idan kana wasa a ƙasa-ƙasa, ka kashe idan ka buɗe.

Mataki na 4: bes, midil da tirebul

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi yin kuskure. A rediyon mota ko na'urar ɗaki, idan ka tsayar da bes da tirebul a tsakiya ba ƙari ba ragi. Wannan tsari ne da Peter Baxandall ya wallafa a 1952. Yawancin amfilifayar jita ba haka suke ba. Tsarinsu ya samo asali ne daga Fender Bassman na ƙarshen shekarun 1950, wanda Jim Marshall da abokan aikinsa suka kwaikwaya a Landan a 1962 suka fitar da JTM45. Wannan tsari ba ya ƙara komai, ragewa kawai yake yi. Idan ka jera ukun a kan 5, abin da ka samu shi ne rami a tsakiyar sauti. A Fender na 1963 zuwa 1967 ramin yana da zurfi, yana wajajen haz 400 zuwa 500 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirancin amo). A Marshall bai kai haka zurfi ba kuma ya ɗan matsa sama. Idan kana son jin abin da ya fi kusa da muryar jitar tsurarta, sai ka kai midil ƙarshe, ka sauke bes da tirebul kusan ƙasa. Gwada ka ji, ko da ba za ka zauna a nan ba. A Twin Reverb ma idan ka sauke ukun gaba ɗaya, sauti ɗaukewa yake yi ɗif, domin an zubar da sigina duka.

Kuma maɓallan uku a sarƙe suke kamar 'yan gida ɗaya, ka taɓa ɗaya sauran su ji a jikinsu.

Tirebul ma'auni ne tsakanin hanya biyu: ta kaifi da ta kauri. Kana ƙara shi kana karkata zuwa hanyar kaifi, ramin tsakiya yana matsawa ƙasa, jikin sauti yana ɗan raguwa. Shi ya sa yake zama kamar shugaban sauran.

Midil shi ne daɓen da sauran suka tsaya a kai. Ƙaramin fot ne, 10k (om dubu goma a ma'aunin tare wuta) a Twin Reverb, wajen 25k a Bassman da Marshall, a Deluxe Reverb ma babu shi, razista ce (ɗan kayan lantarki mai rage gudun wuta) ta 6.8k aka kafe a madadinsa. Ka ɗaga shi, duk sautin ya ƙaru, tasirin bes da tirebul ya ragu. Ka sauke shi, sauti ya yi faɗi da sheƙi amma ya koma baya.

Bes kuwa aikinsa a ƙasa yake taruwa, musamman a Marshall mai fot na 1M (om miliyan ɗaya). Daga 0 zuwa 4 za ka ji canji sosai, daga nan zuwa 10 kaɗan ne ke ƙaruwa, sai dai nauyin da ke wahalar da lasifika.

Ga yadda nake bi. Sauke bes zuwa 2, midil a 5, tirebul a 5. Kaɗa siraran tsirkiyoyi uku na ƙasa, ka motsa tirebul har kaifin ya fito amma bai soki kunne ba. Koma kan tsirkiya mafi kauri, wadda amonta haz 82 ne, ka daka ta da ƙarfi kana ɗaga bes. Da zarar ka ji bugun ya fara sakwarkwacewa, ya tashi daga "dum" ya koma "buuu", ja baya rabin taki. Sannan midil, shi kuma ba a saita shi kai kaɗai. Jira sauran makaɗa su shigo. Idan ba ka jin kanka, kada hannunka ya tafi kan masta, ɗaga midil taki biyu tukuna. Kasuwar jita a tsakiya take ci. Ƙasa ta jitar bes da babbar ganga ce, sama ta farantan ƙarfe na mai ganga ce, kuma lasifikar jita ba ta wani fitar da abin kirki sama da haz 5000. Daga ƙarshe ka koma kan tirebul, domin midil ya riga ya motsa shi.

Mai son ganin abin da ido, akwai wata manhajar kwamfuta ta kyauta, Tone Stack Calculator ta Duncan, wadda ke zana layin sauti kana jan maɓallan.

Mataki na 5: kafin kaushi suke ko bayansa?

Saiti ɗaya yana ba da sakamako daban gwargwadon inda aka dasa maɓallan ukun. A Fender na tsakiyar shekarun 1960 suna gaba, dab da bawul na farko. A jerin Mark na Mesa/Boogie ma haka, sai kuma matakan kaushi su biyo baya. A irin waɗannan, duk bes ɗin da ka zuba shi za a niƙa, kuma kauri idan ya shiga niƙa dagulewa yake yi. Shi ya sa masu Mark suke sauke bes zuwa 2 ko ƙasa idan geyin ya yi sama, sannan su dawo da kaurin ta madaidaitan zamiya biyar da ke bayan kaushi, masu aiki a haz 80, 240, 750, 2200 da 6600. A Marshall kuwa maɓallan suna bayan yawancin kaushin sashen gaba, don haka tace abin da aka riga aka dafa suke yi. Kana iya buɗe su ba tare da ɓarna mai yawa ba.

Gane naka ba wuya. Buɗe geyin sosai ka murɗa tirebul da midil. Idan yawan kaushin ne ke canzawa fiye da launin sauti, suna gaba. Idan launi ne ke canzawa kaushi yana nan yadda yake, suna baya.

Mataki na 6: firezans, da maɓallin da ke tafiya da baya

Firezans ba tirebul na biyu ba ne. Yana sashen ƙarfi, inda ake ɗebo kaɗan daga siginar fita a mayar baya don ta ladabtar da amfilifayar. Kana buɗe shi kana cire kaifi daga abin da ake mayarwa, sai saman sauti ya sami sakewa, ya ƙara cizo. Bar shi sai ƙarshe, kuma da cikakkiyar murya. Ɗaki mai labule da jama'a yana shanye kaifi, ƙara kaɗan; ɗaki mai tayil da kwano, rage.

Vox AC30 ba shi da wannan zagayen. Abin da yake da shi shi ne Cut, wanda ke aiki a juye: ka murɗa dama, kaifi ya ragu. Mutane da yawa sun buɗe shi ƙarshe suna neman haske, suka yi ta mamakin duhun da suka samu.

Mataki na 7: mayar da mulki hannun jita

Yanzu ɗaga amfilifaya ta ɗan wuce yadda kake bukata, ka sauke bolum ɗin jita zuwa 7. Nan ne wurin rakiya; idan lokacin naka ya zo ka buɗe 10. Fot ɗin jita, wanda yawanci 250k ne a jita mai siririn maganaɗisun ɗaukar amon tsirkiya, 500k a mai tagwaye, shi ma yana da nasa hawan. Kuma kana sauke shi kaifi yana raguwa, saboda doguwar waya tana shan saman sauti idan fot ya tsaya a tsakiya. Idan duhun ya dame ka, rage tsawon waya kafin ka nemi mai gyara ya ɗaura maka 'yar kafasita.

Idan maɓallin ne da kansa ba lafiya

A yankinmu babban abokin gabar fot ƙura ce. Akwatin da ya sha hunturu a Kano, ko ya zaga bukukuwan Agadas a bayan mota, da wuya bai fara ƙarar "ƙwar-ƙwar" idan an murɗa ba. Cire wuta, fesa ɗan maganin wanke mahaɗin lantarki ta ramin gwangwanin, ka murɗa gaba da baya sau ashirin. Ban da fetur, ban da baƙin mai. Idan ƙarar ta ƙi tafiya ko bayan an sa sabon fot, a duba kafasitar da ke gabansa, wataƙila ta fara yoyon wuta. Haka nan kafin ka zargi maɓalli, auna wutar da kake sha. Janareta da ya gaji ya sauke wuta ƙasa da bolt 220, gaɓar kaushin da ka yi wa alama za ta sauko, bes ya yi laushi.

Na taɓa kai wani ƙaramin akwati gyara saboda bolum ya karye. Ya dawo yana aiki, amma tun daga 1 yake ihu. Da na buɗe sai na ga B1M a inda A1M yake a da. Mai gyaran adadin kawai ya duba, bai kula da harafin ba. Don haka idan za a sauya maka fot, tafi da tsohon, ka ce adadi da harafi duka kake so. A gwada sabon kafin a narka dalma: tsayar da shi a tsakiya, ɗora mita tsakanin ƙafar tsakiya da ta gefe, sannan ɗaya gefen. Idan awon biyu sun yi kusan daidai, mai B ne. Idan fot na 1M ya nuna wajen 100k zuwa 150k a gefe ɗaya, sauran a ɗaya gefen, mai A ne. Kada a auna yana jone a cikin akwati, sauran kayan za su ɓata lissafin. Kuma kada ka yi mamaki idan 1M ya nuna 850k. Sassaucin kashi 20 cikin 100 abu ne da aka saba, wanda shi ne dalilin da ya sa akwati biyu samfuri ɗaya ba sa yin amo ɗaya a lamba ɗaya, kuma kwafar saitin wani daga intanet ba ta cika yin aiki ba.

Idan ba a sami mai A a kasuwa ba, akwai dabarar ɗaura razista daga ƙafar tsakiya zuwa ƙafar ƙasa ta mai B, mai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na adadin fot ɗin. Hawan zai lanƙwasa ya yi kama da na A, sai dai tana ɗora wa matakin da ke gabanta nauyi, amo na iya ɗan canzawa. Maganin wucin gadi ne.

Duk wannan aikin na ciki, idan amfilifayar mai bawul ce, ba na mai koyo ba ne. Manyan kafasitocinta suna riƙe bolt 400 zuwa 500, kuma suna iya riƙe shi bayan an zare waya daga bango. Sai wanda ya san yadda ake sauke wutar ya auna da mita ya ga ta sauka, sannan hannu ya shiga.